Ƙudan Da Ya Ɗora Idonsa A Kan Sanda

Ni ne maƙwabcin Mzee Kindole, wato tsoho Kindole. Dangar kara ce kawai tsakaninmu, ita ma rabinta akuyoyinsa sun cinye. Kuma ni ne abokin wasansa. Shi Bahehe ne daga tsaunukan Iringa, ni Bangoni daga Songea. Kakanninmu sun sha gwabzawa da mashi, da suka gaji suka jingine mashin suka bar mana baki. Don haka ina da izinin in zage shi da safe, in sha shayinsa da hantsi, in shirga masa ƙaryar da na ga dama da rana, bai isa ya kai ƙarata ko'ina ba. Shi ma haka yake yi min. Sunan gidanmu Mapunda, wato jakai, shi ya sa tun da muka san juna bai taɓa kirana da wani suna ba sai Jaki.

Makaranta ban yi nisa ba, a aji huɗu malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Amma labarin wannan tsoho ba ya bukatar digiri.

Ya sauko kwarin Kilombero yana saurayi, ma'aikacin layin dogo. Aikinsa ya bi layi a ƙafa da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare, yana duban ko wata ƙusa ta kwance. Shekara da shekaru kansa a sunkuye. Har yau idan yana tafiya sai ka rantse allura ya yar. A tasha ya haɗu da Semgaya, mai toya wainar shinkafa, ya yi ta saye har ta ji tausayin cikinsa ta aure shi. Suka sami fadama can bayan rafi, suka haifi 'ya guda da ta rayu, Venansia, wadda ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya a Dar es Salaam. Da Semgaya ta rasu, mu Ngoni muka haƙa kabarinta a bayan gidansa, ƙarƙashin mangwaro, don aikin abokan wasa ne. Ina haƙa ina gaya masa matar ta gudu ne saboda munsharinsa. Ya yi dariya da hawaye a fuska, abin da ake so ke nan.

Bayan nan yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko ya musa. Sai da ya tsaya ya gaida kututturen ayaba har yana tambayarsa lafiyar iyali, sannan ya yarda. Daminar da ta biyo baya, ni nake jansa zuwa gona da sanda, ina gaba yana baya, yana cewa ai dama jaki shi ke jan kaya. Venansia ce ta zo ta kai shi asibitin gari aka yi masa aiki. Ranar da aka kwance bandejin ina wurin. Ya ƙura min ido, ya daɗe, sannan ya juya ga likita ya ce, “Ɗana, idan yanar tana kusa mayar min da ita. Ban san haka mutumin nan ya lalace ba.”

To, daga ranar ba mu sake hutawa ba. Mutum ya dawo da ido sabo fil, ga tabarau mai kauri na karatu, sai ya zama kamar yaron da aka saya wa usur. Ya kira ni in ga jijiyar ganyen rogo. Ya kira ni in ga gashin da ke ƙafar fara. Ya ƙirga min furfurar gemuna ba tare da na roƙe shi ba.

Wata safiya, shinkafa ta fara yin 'ya'ya, ina zaune ina gyaran fartanya sai ga shi a guje daga gona, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan laka ta riƙe. Yana haki ya ce ya ga ƙuda. Na ce madalla, ni ma na ga guda jiya a bakin kofinsa. Ya ce a'a, wannan daban ne. Ja ne, siriri, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, amma daga kansa sanduna biyu suka fita, ɗaya hagu ɗaya dama, kuma a ƙarshen kowace sanda ido ne a zaune, kamar madubin babur. Wai har ya ga biyu sun fuskanci juna a kan ganye suna auna faɗin idanunsu, wanda nasa ya gaza ya ja da baya ya bar wurin.

Na yi dariya har fartanyar ta faɗi. Na ce masa likitan ya sa masa idon hawainiya ne cikin kuskure.

Da ya tsaya a kaina da sauƙi. Ya kai maganar teburin mai shayi, ya tare malamin coci a hanya da ita, da yamma kuma ya kira 'yarsa a waya ya kwashe duka ya gaya mata, yana murna. Ina jin su ta danga. Sai ta tambaye shi yau wace rana ce, kuma me ya ci da safe. Ita a asibiti take aiki, ta ga tsofaffi da yawa da gigin tsufa ya fara da irin wannan, yau sun ga ƙuda mai ƙaho, gobe sun fita neman uwarsu da ta rasu tun tuni. Ba a jima ba ta sake kira ta ce ƙarshen wata za ta zo ta tafi da shi Dar. Gonar za a ba wani ya noma.

Ban taɓa ganin Kindole ya mutu a zaune ba sai ranar. Ya taɓa zuwa gidan 'yar, ɗaki ne a saman bene, taga tana kallon bangon wani. Ya ce idan aka kai shi can, wa zai share ganyen mangwaro a kan Semgaya, kuma me zai yi da idon da aka gyara masa, kallon fanka?

Washegari na bi shi gona, ba don komai ba sai don in sami abin tsokana na mako guda. Ya sa na durƙusa a laka a bakin ruwa. Na ga 'yan jajayen ƙwarin nan da kowa ya sani, waɗanda muke ɗauka tururuwa ce mai fiffike, tun muna yara muke kore su da hannu. Na ce wannan ne? Ya cire tabaraunsa ya maƙala min, ya ce in rufe bakina in matsa a hankali.

Jama'a, na gani. Yana kan ganye yana shafa sandar idonsa da ƙafar gaba, kamar ɗan acaɓa yana goge madubi. Ya juyo ya kalle ni, ido ɗaya can, ɗaya can. Shekaruna duka ina taka wannan fadama, wannan halitta tana kallona ta gefe biyu, ni ban sani ba.

Na tashi da laka har cinya na nufi teburin mai shayi ina shela cewa tsohon nan gaskiya ya faɗa. A nan na gane irin ramin da muke ciki. Wurin ya fashe da dariya. Wani ya ce Mapunda ya samo sabuwa. Na rantse, suka ƙara dariya. Na ce su zo in nuna musu, mai shayi ya ce ai ba a manta ba da ranar da na gaya wa Kindole jirgi ya kawo masa saƙo mai nauyi, ya tura baro har tasha ya tarar da tsinken sakace a cikin ambulan. Kowa ya ɗauka tarko na ɗana, duk wanda ya durƙusa a laka zan sa a yi waƙa da shi har girbi. Babu wanda ya bi mu. Shaida ɗaya tak Kindole ya samu a duniya, shi ma wanda al'ada ta ba lasisin ƙarya.

Muka zauna a gindin danga muna tunani. Shi ya ce mu ɗauki hoto. Wayarsa mai maɓalli ce, tawa ce mai ɗaukar hoto, duk da fuskarta ta tsage. Muka koma gona.

Kada Allah ya haɗa ka da ɗaukar hoton abin da ke ganin gabansa da bayansa a lokaci guda. Kafin ka matso da waya ya zame gefe kamar kaguwa. Muka ɗauki ganye. Muka ɗauki ruwa. Muka ɗauki babban yatsan Kindole har sau ban san nawa ba. Akwai guda da ƙudan ya fito, amma kamar an ɗiga manja a kan kore. Shi yana ce min hannuna na rawa kamar na ɓarawon kaza, ni ina ce masa numfashinsa ne ke korar su.

A ƙarshe ya kifa wa guda kwalbar magani, ya toshe. Amma a cikin kwalba ma sai zagaye yake yi. Muka biya shagon Mama Zuhura mu sha lemo mu huce. Ita ce ta ba mu dabarar ba tare da ta sani ba. Tana buɗe firji tana mita cewa ƙudajen da ke shiga ciki kan fito kamar mashaya, sai sun sha rana kafin su iya tashi. Ni da Kindole muka dubi juna. Da ƙyar ta yarda muka cusa kwalbar tsakanin lemunanta, bayan ta ja mana kunne cewa idan wani ya ji an sa ƙwaro a firjinta za ta kashe mu ta binne. Na ce ta tsaya ta gani da idonta. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ba da ita ba, ta san halina, ta shige ciki.

Da kwalbar ta yi sanyi muka ciro ta, muka juye ƙudan a kan farin faranti a bayan shago. Ya tsaya cak, sanyi ya kama shi. Na kai waya, har yanzu dishi-dishi. Sai Kindole ya cire tabaraunsa ya ɗora gilashin a bakin idon wayar, ya ce abin da ya gyara masa gani ai zai gyara wa wannan tarkacen. Fuskar wayar ta washe. Ga sanduna, ga idanu jajaye a bakinsu, ga fiffike kwance a baya kamar an goge da dutsen guga. Na danna. Ban gama sauke hannu ba ƙudan ya miƙe, ya shafa fuska, ya tashi abinsa.

Tsoho ya rungume ni a bayan shagon mutane. Muka yi ta tsalle kamar an ci ƙwallo. Nan take na aika wa Venansia.

Amsarta ta zo kafin mu isa gida. Ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, sannan ta ce a asibitinsu ma matasan ma'aikata suna haɗa irin wannan hoton ƙarya da waya, har ƙaho sun taɓa sa wa shugabarsu. Ta ce ta san wasa haƙƙina ne, amma lafiyar mahaifinta ba abin wasa ba ce, kuma tunda har ana biye masa, ba za ta jira ƙarshen wata ba, jirgin Asabar za ta hau. Ashe da na sani da wayar malamin coci muka aika.

Kindole ya ce ba komai, idan ta zo zai kai ta gona ta durƙusa da kanta. Sai sama ta ɓalle. Ruwa ya yi ta zuba a kan tsaunuka, rafi ya cika ya haɗiye hanyar fadama, inda muke takawa ya kai ƙirji. Ranar Asabar Venansia ta sauka, babu gona, babu ƙuda, sai hoto guda a wayar Jaki.

Yarinyar kirki ce, kada ku ji ni da wani zance. Ta durƙusa ta gaida uban, ta dafa masa tuwon masara da tarwaɗa, ta duba idonsa da 'yar fitila, sannan ta shiga ninke masa kaya a akwati tana share hawaye a ɓoye. Shi yana zaune a bakin gado. Da ta ɗauko tsohuwar rigarsa ta layin dogo, ya riƙe hannunta.

“Abu ɗaya nake roƙo,” ya ce. “Jibi kasuwa, malamar gona za ta zo ofis. A nuna mata hoton. Idan ta ce babu irin wannan halitta, ni zan ɗauki akwatin da kaina.”

Ta yarda, ina jin don ta rabu da maganar ne.

Malama Kokubanza matashiya ce, mai takalmin roba da babur, ba ta daɗe da zuwa yankinmu ba. Muka same ta tana raba wa mata irin wake. Venansia ta ce ni in tsaya a bakin ƙofa kada in ce uffan. Na miƙa waya na tsaya, amma kunnena ya shiga ya zauna.

Malama ta kalli hoton, ta kai shi kusa da fuska, sai ta yi 'yar ƙara ta murna. Ta tambayi wanda ya ɗauka da kuma yadda aka yi ya tsaya. Da ta ji zancen firji da tabarau ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce tun tana makaranta take son ta sami hoto mai kyau haka ba ta samu ba. Ta jawo wani littafi mai kauri daga kabad, ta buɗe, ta juyo da shi wajen Venansia. Ga shi nan a zane, da sandunansa da komai, da dogon suna a ƙasa wanda ko ita sai da ta ja numfashi kafin ta karanta. Ta ce a sauƙaƙe ƙuda mai ido a kan sanda ake ce masa.

Venansia ta kalli littafi, ta kalli waya. Ta sake kallon littafin.

Malama ta ci gaba, ta ce sai dai akwai iri biyu da ke zama a shinkafa, kuma tana so ta san wanne ne namu. Ɗaya ya fi girma, fiffikensa fes. Ɗayan ƙarami, yana da baƙin ɗigo a can bakin fiffike. Ta fara laluben hoton.

Kindole yana zaune a benci, wayar ba ta ma fuskantarsa. Ya ce, “Mai ɗigo ne. A ƙarshen kowane fiffike, kamar an taɓa da tsinken kwalli.”

Malama ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton, ta ƙara buɗewa. Venansia ta karɓi wayar daga hannunta. Ni da na ɗauki hoton, na kwana da shi a aljihu, ban taɓa lura ba. Ɗigon yana nan, baƙi ƙirin, daidai inda ya ce.

“Baba,” in ji Venansia, “a gona ka ga wannan?”

“A gona. Da idon da kika saya min.”

Ta zauna a bencin kusa da shi, ta rufe baki da hannu.

Sai Malama ta gyara murya ta ce akwai kuma labarin da ba shi da daɗi. Wannan ƙuda a kan ganyen shinkafa yake saka ƙwai, tsutsar ta gangara cikin kara ta cinye zuciyarsa. Ta tambayi tsohon ko ya ga shukar da tsakiyarta ta bushe, idan ka ja ta fito kamar zare. Kindole ya miƙe tsaye, fuska kamar an ba shi sarauta, ya ce ya gani, da yawa ma, gefen rafi duk su ne. Sannan ya ɗaga sandarsa ya fara taka rawar Hehe a tsakiyar ofis, yana buga ƙafa, matan da suka zo karɓar wake suna tafa masa ba su san dalili ba. Tun da aka fara noma a kwarin nan ban ji wanda aka ce wa ƙwari sun shiga gonarsa ya tashi ya yi rawa ba sai shi. Da ƙyar Malama ta samu ta gaya masa kada ya yi gaggawar feshi, shinkafa mai ƙarfi takan fitar da sababbin 'ya'ya ta maye gurbin waɗanda aka ci, idan ruwa ya janye za ta zo ta duba da kanta. Ta roƙi a tura mata hoton. Na shigo daga bakin ƙofa na ce a rubuta sunan mai waya a ƙasa. Kindole ya ce a zana kunnuwa biyu dogaye, kowa zai gane.

Da muka koma gida Venansia ta kwance akwatin. Sai na ga rigar layin dogo ta koma kan ƙusarta.

Ranar komawarta na ɗaukar mata buhun shinkafa da ƙullin busasshen kifi zuwa tasha. Uban ya tsaya yana gaya wa mai sayar da tikiti zancen ɗigo, sai ta ja ni gefe. Ta ce ta yarda idonsa lafiya, kansa ma lafiya, amma tsufa ba ya tsayawa don an ga ƙuda. Tana can nesa, shi kaɗai ne a gida, kuma mutumin da ya fi kowa kusa da shi shi ne wanda ba ta iya gane gaskiyarsa da wasansa. Wannan karon ta kusa cire mahaifinta daga gidansa saboda haka. Wani karon tana iya ƙin zuwa alhali ya kamata ta zo.

Na buɗe baki zan yi wata tsokana, na ga fuskarta, na rufe.

“Baba Mapunda,” ta ce, “ba zan hana ka wasa ba, kakanni ne suka ba ka. Amma mu yi alama. Idan ka kira ni Venansia, na san kai ne da halinka. Ranar da ka kira ni da sunana na Hehe, ka ce Sekindole, ba zan tambaye ka komai ba, jirgi zan hau.”

Na ce na ji. Ta ce in maimaita sunan ta ji ko bakin Bangoni zai iya. Na maimaita. Ya yi min nauyi a harshe fiye da buhun da ke kaina.

Jirgi ya zo, ta shiga, aka ɗora shinkafa da kifi a kujerar da ta yi niyyar zaunar da uban. Muka tsaya muna ɗaga hannu har ya sha kwana.

A hanyar gida Kindole ya tambaye ni me ta ce min a gefe. Na ce ta ce za ta aiko masa da mata daga Dar, mai haƙorin zinariya, ya fara wanka. Ya ce ƙarya nake, kuma ko ta zo ni za ta fara gani ta koma. Bai bi ta gida ba. Ya ja ni muka gangara bakin rafi, ya soka sandarsa a ruwa ya ciro ya duba inda ta jiƙe. Ya ce ya ragu da kamu guda, jibi za mu iya ratsawa idan na yarda ya hau bayana.